Cututtukan Fumfuna a Gonakin Keita, Buza da Madawa: Yadda Ake Gane Su da Yadda Ake Kare Amfanin Gona

Manomi yana ganin fara da idonsa, yana ganin tsuntsu, yana ganin tsutsa. Amma akwai wani maƙiyin da ba a ganin zuwansa, sai dai a ga ɓarnarsa: hatsi ya yi zangarniya babu tsaba, albasa ta ruɓe cikin rudu, gyaɗa ta yi ɗaci a buhu. Sau da yawa fumfuna ce ke jawo wannan asara. Wannan bayani zai nuna mece ce fumfuna, waɗanne cututtuka take kawowa a gonakin jihar Tawa, da kuma hanyoyin da za a bi a kare shuka ba tare da dogara ga maganin guba kaɗai ba.

Mece ce fumfuna?

Fumfuna, wadda Adarawa ke kira hunhuna, halitta ce mai rai. Ita ce ake gani a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a kan burodin da aka ajiye wuri mai laima. Laimar kwaɗi da ke fitowa da damana ita ma danginta ce. Fumfuna ba ta iya haɗa abincinta kamar yadda tsiro ke yi da hasken rana. Saboda haka take rayuwa a jikin wani abu, mai rai ko matacce, tana tsotsar abincinsa.

Jikinta zare ne siriri ƙwarai da ke ratsa cikin saiwa, kara, ganye ko tsaba. Idan ta ƙosa, sai ta fitar da irinta, wanda yake kamar ƙura. Ƙwaya ɗaya ta wannan ƙura ba ta ganuwa sai da madubin bincike. Tana yaɗuwa ta hanyoyi biyar:

1. iska;
2. ruwan sama da ruwan ban-ruwa;
3. irin shuka da ya fito daga gona mai cuta;
4. ƙasar gona da ragowar kara;
5. hauya, takalmi da ƙafafun dabbobi.

Abu uku ne ke haɗuwa kafin cuta ta kama: irin fumfunar ya kasance a wurin, shukar ta kasance mai rauni, yanayi kuma ya dace da cutar. Idan manomi ya raba ɗaya daga cikin ukun nan da sauran, cutar ba ta samun ƙarfi. Wannan shi ne tushen duk shawarwarin da za su biyo baya.

Ɓarnar irin waɗannan cututtuka ba ƙarama ba ce. Daga shekarar 1845 wata cuta ta ruɓar da dankalin Turawa a ƙasar Ayalan shekaru a jere, har yunwa ta kashe mutane kimanin miliyan ɗaya.

Me ya sa batun ya shafi wannan yanki?

Ƙasar Adar ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka. Tun daga 1984, aikin raya karkara na Keita, wanda ƙasar Italiya ta ba da kuɗinsa, hukumar FAO kuma ta gudanar da shi, ya gina madatsun ruwa, ya dasa itatuwa, ya farfaɗo da faƙo mai yawa. A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, an fara dasa layukan dogon yaro don tare iska tun 1975. A kwarin Tarka da kewayen Madawa, da kuma wajen Tamaske, noman albasa na rani ya zama babbar hanyar samun kuɗi.

Wannan ci gaba alheri ne, amma yana zuwa da nasa nauyi. Inda ruwa ke zama, fumfuna ma na samun wurin zama. Inda ake dasa albasa a fangali ɗaya shekara da shekaru, cutar ƙasa na taruwa. A tudu kuma, fari da zafi na raunana wake da gyaɗa, sai wasu cututtukan su samu ƙofa.

Cututtukan hatsi da dawa

*Kuturtar hatsi.* Masana na kiran abin da ke kawo ta Sclerospora graminicola. Halitta ce mai kama da fumfuna, kuma ita ce babbar cutar hatsi a ƙasashen Sahel. Irinta na iya kwanciya cikin ƙasa shekaru da dama yana jiran shuka. Alamominta su ne: ganye ya fara yin fari ko rawaya daga gindinsa zuwa sama; da sassafe a ga wani farin gari a bayan ganyen; shukar ta tsumbure; idan ta kai ga fitar da kai, sai zangarniyar ta fito da ƙananan ganye a murɗe maimakon tsaba. Farin garin nan yana fitowa ne da dare idan akwai raɓa da laima, iska kuma ta kai shi ga shukar da ke kusa. Ƙaramar shuka ce ta fi kamuwa.

Magani: a tumɓuke duk shukar da ta nuna alama tun cikin watan farko, lokacin cira da noman fari, a ƙone ta ko a binne ta nesa da gona. Kada a bar zangarniya mai kuturta a tsaye har kaka, domin ita ce ke mayar da irin cutar cikin ƙasa. A nemi irin hatsi mai jure cutar, kamar SOSAT-C88. Amma kada gari duka ya dogara ga iri guda. A farkon shekarun 1970, manoman Indiya da yawa sun koma ga irin hatsi ɗaya, sai wannan cuta ta far masa, aka yi babbar asara.

*Burtuntuna.* A dawa, tsabar ce ke juyewa ta zama ƴar jaka cike da baƙin gari. Wajen sussuka jakar ta fashe, garin ya manne a jikin tsaba mai lafiya. Idan aka shuka wannan tsaba, cutar ta tashi tare da ita. Don haka maganinta yana wajen zaɓen iri: a cire kawunan da suka kamu kafin girbi, a zaɓi iri tun a gona, a sussuka shi daban. A hatsi ma akwai irin wannan cuta, inda wasu tsabobi ke kumbura su yi kore, daga baya su yi baƙi. Ita kam iska ce ke kawo ta lokacin bununi, shi ya sa iri mai juriya da cire zangarniyar da ta kamu suka fi amfani a kanta.

*Danƙon zangarniya.* Wani lokaci, idan an yi ruwa da yawa lokacin bununi, wani ruwa mai danƙo kamar zuma na tsattsafowa daga zangarniyar hatsi. Daga baya wasu ƙwayoyi masu tauri da duhu su maye gurbin tsaba. Waɗannan ƙwayoyi na da guba: suna sa amai da jiri ga mutum da dabba. Ana raba su da tsaba da ruwan gishiri: kilo 1 na gishiri cikin lita 10 na ruwa. A zuba hatsin a motsa, a kwashe abin da ya taso sama a ƙone, a ɗauraye mai kyau da ruwa mai tsabta, a shanya. A lura cewa ba kowace darɓa ba ce wannan cuta. Darɓar da ke kan ganyen dawa ko wake, ƙananan ƙwari ne ke fitar da ita.

Cutar bushewar wake

Idan ruwa ya ɗauke a tsakiyar damana, zafi ya yi yawa, akan ga wake ya yi yaushi ya bushe a tsaye. In an tsaga gindinsa, za a ga cikin ya yi toka-toka da ƙananan ɗigo baƙaƙe kamar garin gawayi. Fumfunar da ke kawo wannan ana kiranta Macrophomina. Tana son ƙasa mai zafi, busasshiya, wadda ta gaji. Binciken da aka yi a cibiyar AGRHYMET ta Yamai ya nuna cewa ruɓaɓɓen taki da juya shuka suna rage ƙarfinta. Duk aikin da ke riƙe laima a gona, kamar tassa, rabin-wata da shimfiɗa kara, yana taimaka wa wake ya jure.

Cututtukan albasa

*Jan saiwa.* Saiwar albasa ta zama ruwan hoda, daga baya ta yi ja mai duhu ta bushe. Lawashi ya yi rawaya daga sama, kai ya ƙi girma. Manomi kan ɗauka ƙarancin taki ne, ya ƙara zuba takin zamani, amma babu canji. A tumɓuke ƴan kaɗan a wanke saiwar a duba launinta.

*Ruɓewar gindi.* Gindin kan albasa ya yi laushi, wani lokaci da farin zare a jikinsa. Tana farawa a gona, ta ƙarasa ɓarna a ma'aji.

*Tabon lawashi.* Tabo mai tsawo, tsakiyarsa shuɗi-ja, gefensa rawaya. Lawashin ya karye daga wurin tabon. Raɓa mai yawa, cunkoson shuka da raunin da ƙananan ƙwari ke yi ne ke ƙarfafa shi.

*Baƙar fumfuna.* Baƙin gari tsakanin ɓawon albasa a cikin rudu, musamman idan zafi da laima sun haɗu da shigowar damana.

Abin da ya kamata mai albasa ya yi:

1. Kada a mayar da albasa ko tafarnuwa a fangalin da ya yi cuta sai bayan shekara 3 ko 4. A sa wata shuka daban a tsakani.
2. A canja wurin renon iri kowace shekara. Idan wurin ya zama dole, a gasa ƙasar da rana: a watan Afrilu ko Mayu a kafce ta, a jiƙa ta sosai, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a binne gefunan, a bar ta mako 4 zuwa 6.
3. Kada a dasa iri mai jan saiwa, ko da kyauta aka samu.
4. Kada ruwa ya bi ta fangali mai cuta ya shiga mai lafiya.
5. A rage takin ure idan kai ya fara girma. Yawansa na sa wuyan albasa ya yi kauri, ta ƙi ajiyuwa.
6. A tsayar da ban-ruwa kamar mako biyu kafin cira, idan lawashi ya fara kwanciya.
7. A bar albasa ta sha iska har wuyanta ya bushe, ana rufe kawunan da lawashi don kada rana ta ƙone su.
8. A ware mai rauni da mai laushi a sayar ko a ci da wuri. Rudu ya kasance a ɗage daga ƙasa, iska na ratsa shi, ruwa ba ya zuba ciki. A riƙa dubawa ana fitar da wadda ta fara lalacewa.

Gubar fumfuna a gyaɗa da masara

Wannan ita ce mafi haɗari, domin ta shafi lafiyar iyali kai tsaye. Wata fumfuna mai launin kore-rawaya, Aspergillus flavus, tana shiga gyaɗa, wadda aka fi sani da gujiya a nan, da masara da barkono. Tana barin wata guba da ake kira afalatoksin. An gano gubar a 1960, bayan talo-talo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A 2004, mutane 125 sun rasu a Kenya bayan cin masara mai wannan guba.

Gubar na lalata hanta, tana iya kawo ciwon dajin hanta, kuma tana da hannu wajen tsumburewar yara. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Tana zama cikin ƙuli-ƙuli, tana kuma ratsawa cikin nonon dabbar da ta ci gurɓataccen abinci. Wani lokaci tsaba na ɗauke da ita ba tare da wata alama ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fari a ƙarshen damana, gara, da saran hauya su ne ke buɗe wa fumfunar ƙofa. Don haka a cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada ta daɗe cikin busasshiyar ƙasa. A shanya ta a kan tabarma ko tamfol, ba a ƙasa ba, har sai ta yi ƙara idan an girgiza. A tsince mai huji, mai motsewa, mai baƙi da mai ɗaci, a ƙone. Kada a ba yara, kada a ba kaji ko awaki. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango.

Kare shuka da halittu masu rai

Ba kowace fumfuna ce maƙiyiya ba. A cikin ƙasa mai lafiya akwai dubban ƙananan halittu da ke cin masu kawo cuta, ko su ƙwace musu abinci da wuri. Amfani da irin waɗannan abokai don kare gona shi ne ake kira kariya ta halittu masu rai. Ga misalai da aka gwada aka tabbatar:

*Takin da ya ruɓe sosai.* Shi ne gidan waɗannan abokai. Daga cikinsu akwai wata koriyar fumfuna mai suna Trichoderma, wadda ke naɗe zaren fumfunar cuta ta narkar da shi. A wasu ƙasashe ana sayar da ita a ƙunshi, a gauraya da taki ko a shafa wa iri. A haɗa kashin dabbobi, kara, ganye da toka cikin rami, ana yayyafa ruwa, ana juyawa duk mako biyu. Zafin da ke tashi a ciki na kashe yawancin irin cuta da na ciyawa. Taki ya nuna idan ya yi baƙi, ya huce, yana ƙanshin ƙasa. Shukar da aka tumɓuke saboda cuta, wuta ce makomarta, ba ramin taki ba.

*Fumfuna mai korar ƴar'uwarta.* Cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da masanan Amurka, ta zaɓo wasu nau'o'in Aspergillus flavus da ba sa yin guba. Ana shafa su a jikin gasasshiyar dawa da aka rina shuɗi, ana kiran kayan Aflasafe. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure. Marasa guba su riga masu guba kama wuri. Gwaje-gwaje sun nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. An yi masa rajista a Najeriya a 2014. Ana haɗa shi ne da nau'o'in fumfunar ƙasar da za a yi amfani da shi, don haka a yi aiki da wanda hukuma ta amince da shi kaɗai.

*Fumfuna mai kashe fara.* Bayan farar ɗango ta shekarun 1986 zuwa 1989, an kafa shirin bincike mai suna LUBILOSA a 1989. A nan Nijar, kusa da Yamai, aka samo wata fumfuna a jikin matacciyar fara. Daga gare ta aka yi maganin Green Muscle, aka kuma gwada shi a filayen Maine Sorowa. Ana gauraya irin fumfunar da mai a fesa. Tana huda fatar fara, ta yi girma a cikinta, farar ta rage ci, ta mutu cikin mako ɗaya zuwa uku. Ba ta cutar da tsuntsaye, dabbobi ko mutane. An yi aiki da irin wannan magani a Somaliya a 2020. Da yake ba ya kisa nan take, ya fi amfani tun fara na ƙanana, kafin su yi fiffike.

*Ƙwaro mai kashe murzuna.* Tun daga 2006, masanan cibiyar INRAN a Maraɗi da abokan aikinsu ke kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro, mai suna Habrobracon hebetor. Ana rataye ƙananan buhunan da ke ɗauke da shi a kewayen gari lokacin da hatsi ke fitar da kai. Macen na harbin tsutsar murzuna ta shanye mata jiki, ta yi ƙwai a kanta, ƴaƴanta su cinye ta. Fesa guba a irin wannan lokaci na kashe abokin tare da maƙiyin.

*Dogon yaro.* Ƴaƴansa sun fi aiki a kan ƙwari, ba a kan fumfuna ba. Amma rage ƙwari rage rauni ne, rage rauni kuma rufe ƙofar cuta ne. A daka busassun ƴaƴa giram 500, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. A shanya ƴaƴan da kyau kafin ajiya, domin su ma suna yin fumfuna.

Waɗannan hanyoyi suna son haƙuri. Halitta mai rai ba ta son zafin rana ko daɗewa a kanti, kuma aikinta rigakafi ne. Ba ta tayar da shukar da ta riga ta mutu.

Ina matsayin maganin kanti?

Garin maganin da ake shafa wa iri kafin shuka yana kare ƙaramar shuka daga kuturta da burtuntunar dawa, kuma kaɗan ake bukata. Idan za a yi amfani da shi, a kiyaye waɗannan:

1. A sayi wanda Kwamitin Sahel mai tantance magungunan gona ya amince da shi, cikin ƙunshinsa na asali.
2. A bi awon da aka rubuta. Wanda bai gane rubutun ba, ya tambayi malamin gona.
3. A rufe hanci da baki, a sa safar hannu ko leda, a wanke hannu da sabulu.
4. Irin da aka sa wa magani ba a ci, ba a ba dabba, ba a ajiye shi inda yara ke kaiwa.
5. Maganin ƙwari ba ya kashe fumfuna, maganin fumfuna kuma ba ya kashe ƙwari.

Haka nan, ba kowane rawayan ganye ba ne cutar fumfuna. Yunwar taki na sa tsofaffin ganye rawaya a gona baki ɗaya. Ƙulli-ƙulli a saiwar tumatir aikin wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa ne. Naɗewar ganyen tumatir kuma wata cuta ce da farin ƙuda ke yaɗawa. A tabbatar da ciwo kafin a kashe kuɗin magani.

Aikin kowane lokaci

- Da kaka: zaɓen iri a gona, ƙone zangarniya mai cuta, shanya amfani har ya bushe sarai.
- Da ɗari: duba saiwar irin albasa kafin dashe, ba da tazara, zagaya fangali da safe.
- Da bazara: gasa ƙasar reno da leda, haɗa taki, gyara rumbu da rudu, haƙa tassa.
- Da damana: tsabtace iri, juya shuka tsakanin hatsi, wake da gyaɗa, zagaya gona sau ɗaya a mako, tumɓuke mai kuturta.

Ina za a nemi taimako?

Idan an ga alamar da ba a gane ba, a tumɓuke shukar gaba ɗaya da saiwarta, a naɗe cikin takarda, a kai wa malamin gona na ƙaramar hukuma ko ofishin noma na gunduma a Keita, Buza ko Madawa a ranar. A faɗa masa irin da aka shuka, abin da aka noma a wurin bara, da lokacin da alamar ta fara. Ma'aikatan kare tsirrai da zauren manoma na jihar Tawa su ma suna ba da shawara.

Ƙurar fumfuna ba ta san iyakar gona ba. Wanda ya tsabtace gonarsa, maƙwabcinsa ya bar tasa, iska za ta dawo masa da cutar. Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin manoma, maza da mata, da ajin yaƙi da jahilci su tattauna wannan batu, su tsayar da ranar zagayen gonaki tare, su kuma rubuta abin da suka gani kowace shekara cikin littafi. Rigakafi ya fi magani, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.